Abin da na gano wajen tattara kalmomin hirar intanet

Na shiga wannan aiki ne saboda wani aji na manya da nake koya wa amfani da wayar hannu, mutanen da suka iya karatu sarai amma suke tsayawa cak idan 'ya'yansu suka turo musu "slm, ykk, dftn kna lfy", wato "salam, ya kake, da fatan kana lafiya". Na yi musu alƙawarin haɗa ɗan kundi na gajerun kalmomin da ake hira da su a intanet, kowace da ma'anarta a gefe. Na nemi izinin waɗanda suka yarda su nuna mini hirarrakinsu, na cire sunaye, na riƙa kwafe abin da na gani.

Kashin farko bai ba ni wahala ba, domin ƙa'idarsa a fili take: a zubar da wasula, a bar baƙaƙe. Haka "na gode" ta koma ngd, "saboda" ta koma sbd, "gaskiya" ta koma gsky, kuma duk wanda ya san harshen zai mayar da wasulan da kansa. Tushen wannan ɗabi'a ƙuncin wuri ne. Saƙon tes, wanda aka fara aikawa a Disamban 1992, ba ya wuce haruffa 160, ga kuma tsofaffin wayoyi da sai an latsa lamba 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. Twitter ma da haruffa 140 ya fara a 2006, sai a 2017 ya faɗaɗa zuwa 280. Abin da ya ja hankalina shi ne, a WhatsApp babu mai ƙirga wa mutum haruffa, amma gajarcewar ba ta gushe ba. Na lura cewa yarinyar da ke rubuta wa ƙawarta ykk ita ce ke rubuta wa malaminta cikakkiyar gaisuwa, wato gajarcewar ta tashi daga tsimi ta zama alamar kusanci.

Harafin q da harafin x sun ƙara tabbatar mini da haka. Masu rubuta qasa suna da hujja, tunda wayoyi da yawa ba su da ƙ, kuma akwai bukatar a bambanta "ƙasa" da "kasa". Larabawa ma sun yi irin wannan dabara, inda suke sa 3 a madadin ainun da 7 a madadin ha idan suna rubutu da haruffan boko. Amma mai rubuta xan xo a madadin "zan zo" ba shi da wannan uzuri, domin babu wayar da ta rasa z. Ado ne kawai, kuma ni dai ba ya burge ni, ko da yake na sa shi a kundin tunda ɗalibaina za su ci karo da shi.

Inda aikin ya fi cin lokacina shi ne dariya. Kowace al'umma da yadda take rubuta ta: mutanen Tailan suna rubuta 555 saboda sunan lamba biyar a harshensu "ha" ne, masu Sifaniyanci jajaja, 'yan Brazil kkkk, Japanawa kuwa www. LOL ta Ingilishi, mai nufin ƙyalƙyala dariya, ta shiga ƙamus na Oxford a 2011, amma a hirarrakin da na duba da wuya ta nuna cewa wani ya yi dariya da gaske. Sau da yawa ana liƙa ta ne a ƙarshen magana mai ɗan zafi don a sassauta ta, kamar yadda mutum kan yi murmushi bayan ya faɗi abin da yake tsoron zai ɓata wa wani rai. Fuskar nan ta emoji mai dariya da hawaye, wadda Oxford ta zaɓa a matsayin kalmar shekara a 2015, yanzu matasa da dama suna ganin ta manya ce, sun koma tura hoton ƙoƙon kai da nufin dariya ta kusa kashe su. Wata uwa a ajin ta taɓa kawo mini irin wannan saƙo hankalinta a tashe, tana zaton wani mugun abu ya faru.

Daga nan na sake tsarin kundin gaba ɗaya. Na daina rubuta kalma ita kaɗai, na koma kwafe jimlar da ta fito a ciki, tare da shekarun mai rubutun, da dangantakarsa da wanda ya tura wa, da shekarar da aka yi hirar. Na kuma ƙara wani gurbi na inda bai dace a yi amfani da kalmar ba, domin ɗalibaina sun fi bukatar wannan fiye da ma'ana: saƙon ta'aziyya, neman aiki, da magana da wanda ya girme ka ba wuraren ngd ba ne. Hatta ɗigon aya sai da na yi masa bayani, saboda "to." mai ɗigo tana iya zuwa wa matashi a matsayin fushi, alhali babba ya sa ta ne don haka aka koya masa a makaranta.

Akwai rukuni ɗaya da na bari a waje da gangan, wato kalmomin da ake ƙirƙira don kauce wa na'urorin tace rubutu a dandamali irin su TikTok, inda ake sauya harafi da lamba ko a kira abu da wani suna dabam don kada a ɓoye bidiyon. Waɗannan ba sa daɗewa, domin da zarar kamfani ya gane su sai a sake wasu. Maimakon jera su, na koya wa ɗaliban cewa idan kalma ta yi musu baƙunta su karanta saƙonni biyu ko uku da suka gabace ta, in har yanzu ba ta fito ba su tambayi wanda ya turo.