Tambayar da ba ta kawo ko sisi

A kasuwar waya ta Farm Center a Kano inda nake gyaran waya, yaran da ake kawo mana koyon aiki kala biyu ne. Akwai wanda za ka nuna masa yadda ake ɗaga sikirin da bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, ya ɗauka tsaf, ya fara karɓar 'yan canji, shikenan ya tsaya nan. Akwai kuma wanda zai ishe ka, oga me ya sa wannan ya yi zafi, oga me ya sa batir ke kumbura, har ka ji kamar ka kore shi. To ni yanzu na biyun nake so, ko da hannunsa bai kai na farkon sauri ba.

Ɗauki maganar batir ɗin. Kullum ana kawo mana waya bayanta ya ɗago, gyaran bai wuce ka cire ka sa sabo ka karɓi kuɗinka ba, babu kwastoman da zai tambaye ka dalili. Amma abin ya riƙa cin raina, sai na shiga bin diddigi da daddare in an kawo wuta, ashe ruwan sinadarin da ke cikin batir ɗin ne yake lalacewa in zafi ya yi yawa ko cajin ya wuce kima, sai ya riƙa fitar da iskar gas, ledar da aka naɗe shi kuma a rufe take ruf, dole ya kumbura. Daga nan karatu ya ja ni inda ban nufa ba. Na tarar kamfanin Sony ne ya fara fito da irin wannan batir kasuwa a 1991, shekara goma kafin GSM ya shigo Najeriya a 2001, kuma mutum uku da suka yi aikin sai a 2019 aka ba su kyautar Nobel, ɗayansu John Goodenough yana da shekara 97 lokacin. Ƙarfen kobalt da ke ciki kuwa yawancinsa daga Kwango ake haƙo shi. Wallahi tun daga ranar in na riƙe mataccen batir ba na masa kallon shara.

Wani abokin aikina da na ba shi labarin cewa ya yi, to Malam nawa wannan ya ƙara maka a aljihu? Ko sisi. Kuma nan ne nake ganin muna cutar kanmu, tun a makaranta aka saba mana da haka, ka haddace ka zubar a jarrabawa, abin da ba zai fito ba kar ka ɓata lokaci a kansa, sai mutum ya gama da takarda a hannu amma ko sau ɗaya bai taɓa neman sanin wani abu don kawai yana son ya sani ba. Ni dai abin da na haddace don jarrabawa duk ya gudu, wanda na bi da kaina babu mai tilasta ni shi ne har yau yake zaune daram.

Kuma ba sai a intanet ba. Ka je marinar Ƙofar Mata ka tsaya bakin rijiyar rini ka zuba ido. Ganyen baba ne da toka ake jiƙawa a bar su kwanaki su yi tsami, marini zai tsoma farin ƙyalle ya ɗago, za ka ga ya fito kore-kore ba shuɗi ba, sai ya riƙe shi a iska a gaban idonka launin ya juye, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa har ya yi duhun da yake so. Iskar ce ke gama rinin. Wani dattijo a wurin na ce masa Baba me ya sa ba za a bar shi ciki ya jiƙu gaba ɗaya ba, ya yi dariya ya ce yaro ai sai ya sha iska yake kamawa. Abin da aka koya mana a kemistiri kenan muna hamma, su kuma sun gaje shi kaka da kakanni. Mutum nawa ke wucewa ta wurin kullum a adaidaita ba su taɓa leƙawa ba?

Shi ya sa yanzu in yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba sai in ce je ka binciko gobe ka koya min. Na baya-bayan nan cewa ya yi me ya sa da hunturu in ka taɓa ƙofar mota sai ka ji wuta ta ɗan ja ka, da damina kuma babu. Washegari ya dawo da bayani, wai busasshiyar iska ce ba ta barin cajin da gogayyar kaya ke tarawa a jikin mutum ya tsiyaye, kuma irin wannan tartsatsin zai iya kashe ƙananan kayan da ke kan injin waya. Yanzu rigimar da muke yi da shi a shago ita ce ko rigar leda ta fi ta auduga tara cajin, ya ce zai kawo guda biyu mu gwada.