Ɗanjuman Kumasi da sauran 'yan uwansa

Kofi Annan ɗin nan da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, da a Kano aka haife shi Ɗanjuma za a kira shi, shi ke nan. Ranar Juma'a aka haife shi a Kumasi, 8 ga Afrilu 1938, kuma a wajen ƙabilarsu ta Akan a Ghana duk namijin da ya zo ran Juma'a Kofi ne, na Asabar Kwame, kun ga ke nan Kwame Nkrumah Ɗan'asabe ne. Amma mu nan in ka ce sunanka Ɗanladi ko Talatu sai ka ga ana wani yatsine fuska wai sunan ƙauye, alhali mutum ya je har New York da nasa bai canza ba.

Ni abin da ke burge ni da irin waɗannan sunayen, labarin gidan suke ba ka tun kafin ka tambaya. Ka ji Tanko ka san mata ne a gabansa, Kande kuwa maza ta biyo, Auta ba sai an faɗa ba. Gambo bayan tagwaye yake zuwa, Yarabawa ma suna da nasu Gambon, Idowu. Sai dai lissafinsu a kan tagwayen ya sha bamban da namu, wanda ya fara fitowa shi ne Taiwo amma wai shi ne ƙaramin, Kehinde ne babba, shi ya aiko shi ya ɗanɗano duniyar ya gani ko da daɗi kafin shi ya taho. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na yi dariya, dama aiken ƙani ai tun a ciki aka fara.

Wanda ba na dariya a kansa shi ne Ajuji. Matar da 'ya'yanta ke ta rasuwa, in ta sake haihuwa sai tsofaffi su kai jaririn kan juji su ajiye sannan a ɗauko shi, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko Allah zai sa wannan ya tsaya. Yarabawa su kuma roƙon yaron suke kai tsaye, Malomo, kar ka sake tafiya. Duk inda ka haɗu da dattijo mai irin wannan sunan to mahaifiyarsa ta ga abin da ta gani.

Sunayen yanka kuma kowace ƙasa da yadda bakinta ya lanƙwasa su. Muhammadu ya zama Mamman a wajenmu, Mamadou a Senegal, Mehmet a Turkiyya. Abdullahi ya koma Audu. Yohanna na 'yan uwanmu Kirista shi ne John a Ingila, Jean a Faransa, Ivan a Rasha, tushen duk ɗaya ne daga Ibrananci. Ga kuma kunya irin tamu, an sa wa yaro sunan kakansa uwar ba ta iya faɗa, shi ya sa kowane layi akwai Abba da Ummi da Baffa, wani sai ranar ɗaurin aurensa abokai ke jin sunansa na gaskiya.

Yanzu kuwa a waya ake nemo suna. Kwanaki aka yi suna a unguwarmu, na tambayi uban jaririyar ma'anar sunan da ya sa, ya ce shi dai a Facebook maman ta gani ya yi mata daɗi. Kakar yarinyar ta gwada faɗa ya ƙi faɗuwa, ta ce ran Laraba dai aka haife ta ko? To ita Balaraba za ta kira ta, kowa ya kira abin da ya ga dama.