COS a Excel: lamba ta fito, amma ita ce amsar kuwa?

Buɗe Excel ɗinka ko Google Sheets yanzu, ka zaɓi kowane sel ka rubuta =COS(60) ka danna Enter. Duk wanda ya zauna ajin lissafi a sakandare ya san cos na digiri 60 rabi ne, wato 0.5, amma abun da zai fito maka shi ne -0.9524 da ƴan kai. Ba kwamfutarka ce ta samu matsala ba, kuma ba wai Excel ɗin bai iya lissafi ba ne, kawai dai shi da kai ba ma'auni ɗaya kuke amfani da shi ba. Kai digiri kake nufi, shi kuma radiyan yake ji. Haka abun yake a Excel, haka a Google Sheets, haka a LibreOffice Calc, duk bakinsu ɗaya.

A kalkuleta ta ƴan makaranta akwai inda zaka canza tsakanin DEG da RAD, shi ya sa mutane da yawa suka gama karatu ba su taɓa damuwa da maganar radiyan ba, tunda an saita musu a DEG shikenan. To a nan babu wannan maɓallin, duk neman da zaka yi a cikin saitin ba zaka same shi ba. Cikakken zagaye digiri 360 ne, a radiyan kuma 2π ne, kenan digiri 180 daidai yake da π, radiyan ɗaya kuma ya kai kusan digiri 57.3. Don haka lokacin da ka rubuta 60 tsurarta, ce masa ka yi radiyan 60, wanda ya haura digiri 3,437, ka ga ya zagaye da'ira sau tara ya tsaya wajen digiri 197.7, kuma cos na wannan wurin -0.9524 ne tabbas. Amsar da ya ba ka gaskiya ce, tambayar ce ba ita kake nufi ba.

Gyaran ba wuya. Ka rubuta =COS(RADIANS(60)) ko kuma =COS(60*PI()/180), duk 0.5 za su ba ka. Ni na fi son ta farkon gaskiya, saboda duk wanda ya buɗe fayil ɗin bayanka da ya ga RADIANS ya san digiri ne a ciki, ita kuwa ta biyun da PI() da 180 cikin sauƙi mutum ke juya su ya ninka inda ya kamata ya raba, musamman in fomular ta yi tsawo baka-baka sun yi yawa.

Amma abun da ya fi damuna ba wannan 60 ɗin ba ne, domin ita da ka ga alamar ragi a gaba ka san da matsala. Wanda ke cutar da mutane shi ne wanda kuskuren ke fitowa da kamannin gaskiya. Ɗauki tsani mai tsawon mita 5 da aka jingina da bango, ya yi kusurwar digiri 75 da ƙasa, kana so ka san tazarar da ke tsakanin gindin tsanin da bangon. Lissafin shi ne tsawon tsani sau cos na kusurwar. In ka rubuta =5*COS(RADIANS(75)) zaka samu mita 1.29, kuma ita ce amsar. In ka manta da RADIANS ka rubuta =5*COS(75) zai ba ka 4.61. Duba fa, babu alamar ragi, ba ta wuce tsawon tsanin ba, babu wani jan rubutu ko gargaɗi, lamba ce lafiyayya a ido wadda mutum zai kwafa ya saka a rahoto ko ya miƙa wa mai aiki, alhali tsanin da gindinsa ya yi nisan mita 4.61 daga bango kusan a kwance yake. In layi ɗaya ne da sauƙi, amma ka yi tunanin an ja wannan fomular zuwa ƙasa layi ɗari biyu, wasu amsoshin sun fito da ragi wasu sun fito lafiya, mai duba aikin ya gyara waɗanda suka yi masa wani iri ya bar sauran, alhali dukkansu ba daidai ba ne. Wallahi wannan yana faruwa, kuma ba rashin ilimi ba ne, COS ɗin ne ba ya ƙin karɓar kowace lamba, duk abun da ka ba shi zai mayar maka da wani abu tsakanin -1 da 1.

Shi ya sa shawarata kullum ita ce kar ka cusa kusurwa a cikin fomula. Ka ware mata kolum nata, ka rubuta a samansa cewa digiri ne, misali kolum A, sai a B2 ka sa =COS(RADIANS(A2)) ka ja ƙasa. Kafin ka yarda da komai kuma, ka saka 60 a layin farko ka ga ko 0.5 ta fito, ka saka 0 ka ga 1, ka saka 180 ka ga -1. Minti ɗaya bai kai ba.

Sai kuma maganar digiri 90, wadda ke ruɗa mutane ko bayan sun gane RADIANS. Cos na 90 sifili ne, amma =COS(RADIANS(90)) zai nuna maka wani abu kamar 6.12E-17. Wannan na nufin ɗigo, sifili goma sha shida, sannan 6, wato sifili ne a aikace, dalili kuwa shi ne π ba ta da ƙarshe, kwamfuta kuma lambobi 15 ko makamancin haka take iya riƙewa, don haka kusurwar da ta yi lissafi da ita ta gaza 90 da ɗan abun da ido ba ya gani. Inda take cizo shi ne in ka ɗora wani sharaɗi a kanta. Ka rubuta =IF(B2=0,"eh","a'a") ya ce maka a'a kana kallon abun da ka san sifili ne. Ko kuma ka raba wata lamba da ita, maimakon #DIV/0! ta fito ta ankarar da kai sai ka ga wata ƙatuwar lamba mai E+16 a wutsiya. Maganinta ROUND, ka rubuta =ROUND(COS(RADIANS(A2)),10) sai ta koma 0 tsaf. Rage yawan ɗigo daga wajen fomat ba ya gyara komai fa, ɓoye maka kawai yake yi, lambar na nan a ƙasa. In kuma naka ya ƙi karɓar waƙafi, gwada alamar ; a madadinsa, ya danganta da saitin yankin da ke kwamfutar.

Wani ƙaramin tarko: sel ɗin da babu komai a ciki, sifili ake ɗaukarsa, cos na sifili kuma 1 ne. Kenan in ka ja fomula ta wuce inda bayananka suka tsaya, zaka ga 1, 1, 1 sun jeru, in akwai SUM ko AVERAGE a ƙasa sun shiga ciki. Rubutu kuwa #VALUE! yake bayarwa, har da in ka liƙa wa lambar alamar ° da hannu. Kuma in kana rubuta COS jerin zaɓi ya fito, kar ka danna COSH, wannan wani lissafi ne daban.

Komawa baya ma haka ne. In kana da cos ɗin kana neman kusurwar, ACOS ce, ita ma a radiyan take amsawa, =ACOS(0.5) zai ba ka 1.0472, sai ka lulluɓe ta da DEGREES, =DEGREES(ACOS(0.5)), sannan 60 ta fito. Masu aikin lantarki suna yawan buƙatar wannan, in fawa fakta (wato cos na kusurwar da ke tsakanin boltej da karent) 0.8 ce, kusurwar ta kama digiri 36.87. Ita ACOS aƙalla tana da kirki, duk abun da ya wuce 1 ko ya gaza -1 zata ce maka #NUM! a Excel kai tsaye.

In kana so abun ya zauna maka a kai sosai, ka zana shi. Rubuta 0 a A2, 15 a A3, ka haɗa su biyun ka ja har 360, ka sa fomular a kolum B, ka zaɓi duka ka saka cat (zanen giraf) ɗin Scatter mai layi. Zaka ga layin ya taso daga 1, ya ratsa sifili a 90, ya kai ƙasa -1 a 180, ya sake hawa ya koma 1 a 360, santsi ba gargada. Sai ka cire RADIANS ɗin daga fomular ka sake ja, ka kalli yadda cat ɗin zai rikice.