Humrar Inna da dokar mililita 100

Wata biyu Inna ta yi tana haɗa humrar nan. Tun ranar da Auta ta bugo waya daga Manchesta cewa watanta ya kusa kamawa, Inna ta aika kasuwar Sabon Gari aka sayo mata farce da sandal da madarar turare. Ta wanke farcen, ta soya, ta daka, ta jiƙa, ta ɗura a kwalba ta tura ƙarƙashin gado don ta tsumu. Duk wanda ya shiga ɗakinta a Tudun Wada a kwanakin nan sai ya fito da ƙamshin a jikin kayansa. Haka ta yi mini a haihuwata ta fari, haka ta yi wa sauran ƙannena, kuma ba ta ga abin da zai sa Auta ta rasa nata don aure ya kai ta Ingila ba.

Ni aka ɗora wa rakiya. Daren tafiya na zauna na shirya akwatuna: kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, garin kunu, atamfofi da kayan jariri. Kilishi da man shanu na cire su tun a gida, don na san Ingila ba ta yarda a shigar mata da nama ko abin da aka yi da nono daga ƙasashenmu. Abin da ban taɓa ba shi ne jakar hannun Inna. Wa ke binciken jakar mahaifiyarsa? Ashe a nan ta sa humrar, naɗe cikin tsohon ɗankwali, da kwalbar zuma a gefe, don kada masu lodi su wurga akwati su fasa mata.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba. A filin jirgi aka auna akwatuna suka wuce, aka buga mana fasfo, muka zo inda ake sa jakunkuna cikin na'ura. Tawa ta fita. Ta Inna aka janye gefe. Wata ma'aikaciya ta warware ɗankwalin, ta ɗaga kwalbar, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba za ta shiga jirgi ba."

Inna ta ce, "'Yar nan, turare ne fa. Buɗe ki shinshina. Ƙanwarki ce ta haihu."

Ta ce ta sani, ita ma ta ji ƙamshin, amma kwalbar ta wuce mililita 100. Na roƙa a bari in koma in sa a akwati, aka ce akwatunan sun riga sun tafi, ɗan rakiyarmu kuma ya kama hanyar Zariya. Inna ta ce to a zubar da rabi a bar mata rabi. A nan na ji abin da ban sani ba: girman kwalbar ake dubawa, ko da cokali ɗaya ne ya rage a cikinta. Muna kallo aka sa humra da zuma a cikin wani babban kwando tare da robobin ruwa da man shafawar mutane. Inna ba ta ƙara cewa uffan ba. Ta ninke ɗankwalin ta mayar jaka. Sai da muka zauna a cikin jirgi na ga tana goge ido da gefen mayafi.

Mililita 100 kashi ɗaya cikin biyar ne na ruwan leda. Dokar ta ce duk abu mai ruwa da za ka riƙe a hannu, turare ne, man shafawa, man goge baki, zuma ko miya, kada mazubinsa ya wuce haka, kuma duka su shiga leda guda mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta wuce lita 1 ba. Magani da madarar jariri ana ɗaga musu ƙafa bayan an duba. Manyan kwalabe kuwa akwatin lodi ne wurinsu. Alhazanmu sun san makamancin wannan ta kan ruwan Zamzam: ba a riƙo shi a hannu, jarkar lita 5 ce a rufe take zuwa ta hanyarta daban.

Haushi ne ya sa na zauna a gidan Auta na bi asalin dokar, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. A ranar 10 ga Agusta, 2006 duniya ta wayi gari da labarin 'yan sandan Birtaniya sun kama mutum 24 a Landan da wasu garuruwa. Shirin da aka bankaɗo shi ne tarwatsa jirage 7 da za su tashi daga filin jirgin Heathrow zuwa biranen Amurka da Kanada. Makaminsu kwalaben lemo ne irin su Lucozade da Oasis. Za su zuƙe lemon ta ƙasan kwalba da sirinji, su ɗura sinadarin haidirojin feroksaid mai ƙarfi da aka sa wa launi, su toshe hudar, murfi yana nan a liƙe kamar yanzu aka sayo daga kanti. Na'urorin wancan lokaci suna gane bindiga da wuƙa, amma ba sa bambanta lemo da ruwan bam. Nan take aka hana shiga jirgi da kowane irin ruwa, sai a watan Nuwamba na shekarar aka sassauta a Turai zuwa mililita 100, ƙasashen duniya suka bi sahu. A 2009 kotu ta yanke wa jagoran shirin, Abdulla Ahmed Ali, ɗaurin rai da rai, ba zai fita ba sai ya yi aƙalla shekara 40.

Kuma ba a kansu aka fara ba. A Disamban 1994 Ramzi Yousef ya ɓoye ruwan bam a 'yar kwalbar maganin wanke gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido, ya bar shi ƙarƙashin kujera a jirgin Filifin, ya kashe wani fasinja ɗan Japan.

Da na kai nan sai na ajiye wayar, don labari na gaba ba sai na karanta ba. Kowa a yankinmu ya san shi. Ranar Kirsimeti ta 2009, Umar Farouk Abdulmutallab, yaro ɗan shekara 23, ya taso daga Legas ya sauya jirgi a Amsterdam, ya yi ƙoƙarin tayar da bam ɗin da aka ɗinke masa a kamfai yayin da jirgin ke shirin sauka a Detroit da mutum kusan 300 a ciki. Bam ɗin garin sinadari ne da sirinjin ruwa. Allah ya sa bai tashi ba, shi ne ya ƙone. Gidansu 'yan asalin Funtuwa ne, garin da bai kai tafiyar awa biyu daga ƙofar gidanmu ba. Ina tuna yadda aka yi ta jimami a Zariya a makon nan, musamman da aka ji mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun kafin abin ya faru, ya ce a taimaka masa ɗansa ya kauce hanya. A Janairun 2010 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike. Ɗalibai da malaman jami'ar Ahmadu Bello da ke fita karatu da taro, masu neman magani, 'yan kasuwa, duk koren fasfo ya zame musu kaya saboda aikin mutum ɗaya.

Na ba Inna wannan labarin duka muna zaune tana gasa wa jaririya cibi. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ashe da uwaye da jarirai a cikin jiragen nan da suka so kayarwa." Na ce, "Da su, Inna." Ta ce, "To Allah ya isa tsakaninmu da su, ba da yarinyar nan da ta karɓe mini turare ba."

Ni ma nan na tsaya, amma ba duka haushin ne ya tafi ba. Har gobe ina ganin rashin kyautawa ne a karɓe wa tsohuwa ruwan shanta, ta yi taku ashirin a sayar mata da wani a kuɗin da zai sayi buhun ruwan leda da yawa a Zariya. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ba a faɗa wa mutanenmu da harshen da suke ji. Allunan gargaɗin da na gani da Turanci suke. Da a wurin auna akwati wani ya ce da Hausa, "Hajiya, akwai turare ko zuma a jakarku?" da minti ɗaya ya isa mu tura kwalbar cikin zannuwa. Tsofaffinmu nawa ke tafiya Umra da wankan jego kowace shekara, da rubutu da man zaitun da man habbatus sauda a jaka? Masu sayar da tikiti da malamai masu yi wa maniyyata bita, wannan jimla guda ce da bai kamata ta fita daga bakinsu ba. Ni kaina na san dokar sama-sama, kunyar jakar Inna ce ta hana ni tambaya, kuma ita ce ta biya.

Yanzu an samu sabbin na'urori masu hoton ciki irin na asibiti, waɗanda ke iya tantance ruwan da ke cikin kwalba. Filin jirgin London City ya cire dokar a 2023, gwamnatin Birtaniya ta mayar da ita a Yunin 2024, sannan a 2025 filayen Edinburgh da Birmingham suka fara barin mutum ya wuce da har lita 2. Amma tafiya ɗaya tana iya bi da kai ta filaye uku, kowanne da na'urarsa, don haka ni da mililita 100 nake lissafi har yanzu.

Auta ba ta taɓa tambayar humra ba, mijinta ya riga ya raɗa mata. Mun dawo Zariya da sati biyu Inna ta sake aika a sayo farce. Wannan karon ni na je Sabon Gari na zaɓo ƙananan kwalabe shida, na duba gindin kowacce na ga an rubuta 50. Matar ƙanena za ta wuce Ingila bayan sallah, huɗu za su shiga akwati cikin zannuwa, biyu a leda a jakar hannunta.