Wai su masu sharhin fim ɗin nan daga ina suke ɓullowa ne?

Duk garin da ake kallon fim da gaske sai ka samu mutum ɗaya ko biyu da aka sani da wannan aikin, su kalla su zo su faɗi abin da suka gani, a jarida ne ko a rediyo ko yanzu a Facebook da YouTube. Wasu na jiran su ji ta bakinsu kafin su ɓata lokacinsu a kan fim, wasu kuma wallahi jira kawai suke ya saki rubutu su far masa. Kuma da rai ya ɓaci tambayar ɗaya ce, kai waye, wane fim ka taɓa yi, a ina ka karanta. To in ka bi tarihin mutanen nan, har da waɗanda suka yi sunan da ya wuce garinsu, da wuya ka samu wanda ya tashi tun yana yaro yana cewa in na girma sharhin fim zan yi. Kowa daga wata sana'ar ya gangaro, kuma wannan sana'ar ta baya ba ta sakinsa, da ita yake kallon duk fim ɗin da aka sa masa a gaba.

Ɗauki Roger Ebert. Mutane suna ganinsa kamar wani na duniya baki ɗaya, amma gaskiyar magana ɗan jaridar gari ɗaya ne, Chicago a Amurka, jarida ɗaya ya yi wa aiki, Chicago Sun-Times, daga 1967 da aka ba shi shafin fim har ya rasu a 2013, shekara 46 kenan. Mahaifinsa mai gyaran wutar lantarki ne. Shi kuma rubutunsa na farko labarin wasannin 'yan sakandare ne a wata ƙaramar jarida a garinsu yana ɗan shekara 15. Lokacin da ya shiga Sun-Times ma digirin digirgir yake yi a fannin adabin Turanci, aikin jaridar don ya riƙe kansa ne, sai mai shafin fim ɗin ta bar aiki aka ce masa kai zo ka riƙe. Shi kenan fa. Kuma in ka karanta shi za ka ji ɗan rahoton wasanni bai fita daga jikinsa ba, ba ya kwana-kwana, zai gaya maka me ya faru, wa ya yi ƙoƙari, wa ya kwafsa, kuma ko abin ya taɓa shi ko bai taɓa ba, da yaren da direban bas zai karanta da safe ya gane. A 1975 ya zama mai sharhin fim na farko da aka ba kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida a Amurka. Abin da ya fi ba ni mamaki a lamarinsa shi ne bayan 2006 da cutar daji ta raba shi da magana gaba ɗaya, maimakon ya ajiye sai rubutun ya ƙaru, shi da kansa ya rubuta cewa a 2012 ya yi sharhin fim 306, mafi yawa a rayuwarsa. Mutumin da ba ya iya magana, ba ya iya cin abinci ta baki. Wannan kam ba albashi ne ke sa shi ba.

Abokin hamayyarsa a wannan garin, Gene Siskel na jaridar Chicago Tribune, falsafa ya karanta a jami'ar Yale, shi ya sa shi gardama ce abincinsa, sai ya bi ka da tambaya har ka rasa ta cewa. A 1975 wata tashar talbijin ta garin ta haɗa su shiri ɗaya duk da ba sa shiri da juna, daga nan aka samu salon nan na ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa don nuna fim ya yi ko bai yi ba. Amma shi Siskel ɗin nan mai taurin kan akwai wani fim ɗin rawa na 1977 da ya shiga ransa har ya je wajen gwanjo ya sayi farar kwat ɗin da jarumin ya sa a ciki ya ajiye a gida. Kowane mai sharhi yana da irin wannan lagon, fim ɗin da in aka zo kansa hankali yake ajiyewa gefe, kuma ni a ganina sai ka san lagon mutum kafin ka san yadda za ka karanta shi.

Wadda labarinta ya fi burge ni dai Pauline Kael ce. A gonar kaji aka haife ta a 1919 a jihar Kalifoniya, ta shiga jami'a ta yi falsafa ba ta ƙarasa ba, ta yi aikin girki, ta yi ɗinki, ta yi rubutun talla, tana renon 'yarta ita kaɗai. Yadda ta fara ma abin dariya ne, a wajajen 1953 wani editan mujalla ya ji ta a wani shagon shan kofi tana ta musu da wani a kan fim, ya ce ta rubuta masa. Daga nan ta koma magana a wata tashar rediyo ta gari, sannan ta riƙe wani ƙaramin gidan sinima a garin Berkeley na Kalifoniyar, ita ke zaɓar finafinan da za a nuna kuma ita ke rubuta ɗan bayanin da ake raba wa masu kallo. Ka ga wannan ita ce makarantarta, kullum tana ganin fuskar mutanen da suka biya kuɗi suka shiga, tana ganin inda suka yi dariya da inda suka fara gyangyaɗi. Sai da ta kusa shekara 50 sannan mujallar New Yorker ta ɗauke ta a 1968, ta zauna har 1991. An san ta da cewa ba ta son maimaita kallon fim, sau ɗaya ya ishe ta, abin da ta ji a zaman farko shi take rubutawa. Ni dai ban yarda da ita a nan ba, akwai fim ɗin da sai a kallo na biyu yake buɗe maka, amma na gane daga ina abin ya zo, mai sayar da tikiti ce, ta san yawancin mutane sau ɗaya za su kalla.

Sai malaman makaranta, su kam sun cika fagen nan. André Bazin na Faransa koyarwa ya karanta amma in'ina ta hana shi samun aji, sai ya koma shirya ƙungiyoyin kallon fim tun lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, daga baya har masana'antu yake kai fim ma'aikata su kalla a zauna a tattauna. Ka kwatanta abin a ranka, an kashe na'ura an kunna fitila, mutane sun gaji da aiki suna miƙa za su tashi, sai wani siririn mutum mai in'ina ya miƙe ya ce ku dakata, me ya sa a fitowar can kyamara ba ta motsa ba. Daga irin wannan zaman mujallar sharhin fim ta Cahiers du Cinéma ta fito a 1951. Bazin ɗin ne kuma ya riƙe François Truffaut, yaron da ya bar makaranta yana ɗan 14, ya buɗe ƙungiyar kallon fim ya ci bashi, aka kai shi gidan horon yara, ya shiga soja ya gudu, Bazin ya yi ta faɗi-tashi har aka sake shi ya ajiye shi a gidansa. Truffaut ya zama mai sharhi mai zafin baki har a 1958 bikin finafinai na Cannes ya hana shi katin shiga, shekara ta zagayo 1959 ya dawo da fim ɗinsa ya karɓi kyautar gwarzon darakta a wajen. Bazin bai ga wannan ba, ya rasu a 1958 yana da shekara 40. A Tunisiya ma Tahar Cheriaa malamin makaranta ne da ya taso a ƙungiyar kallon fim, shi ya kafa bikin finafinai na Carthage a 1966. A Indiya Satyajit Ray zane yake yi a kamfanin talla lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kallon fim ta Kalkata a 1947, yana rubutun sukar finafinan ƙasarsu a jarida tun kafin ya riƙe kyamara.

A finafinan Hausa ma haka zancen yake. Ibrahim Sheme da ya kafa mujallar Fim a 1999 ɗan jarida ne kuma marubucin littafi. Farfesa Abdalla Uba Adamu da yau in ana maganar nazarin fim ɗin Hausa sai an ambace shi, daga ɓangaren kimiyya ya fito, farfesan koyar da kimiyya ne tun 1997 kafin ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012.

To me wannan duk yake nunawa in ka zo karanta sharhi? Ka ba mutum uku fim ɗaya su kalla. Wanda ya fito daga adabi kunnensa na kan maganganu, zai ce maka wannan tsohuwar ba haka tsohuwa take magana ba, marubucin ne yake magana da bakinta. Wanda ya taɓa zuwa lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, ko ya zauna a ɗakin editin inda ake tace shi, shi ba ya ma jin maganar, idonsa na kan kofin da ke hannun dama a wannan shot ɗin ya koma hagu a na gaba, da inuwar makirfo a jikin bango, da rana da ta faɗi a tsakiyar hira ɗaya. Malamin makaranta kuma, Allah sarki, da wuya ya gama rubutu bai tambayi me yara za su koya ba, wani lokacin har ya manta ya gaya maka ko fim ɗin yana da daɗin kallo. Duk ukun gaskiya suka faɗa kuma duk ukun akwai inda ba su duba ba. Abin da yake ba ni haushi shi ne wanda zai ɓoye inda ya fito ya yi ta magana kamar shi alƙali ne da ya sauko daga sama, alhali da ka karanta layi biyar ka gane cewa kawai waƙa ce ba ya so a fim, ko kuma jarumar ce ba ta kwanta masa ba tun asali. Faɗi mana mana, ba laifi ba ne.

Amma wahalar da mai sharhi na cikin gida yake sha ta fi ta wanda ke rubutu a kan finafinan wata nahiya, nesa ba kusa ba. Wancan zai ragargaji fim ya kwanta ya yi barcinsa, daraktan bai san da shi ba. Shi kuwa wannan gobe za su haɗu da furodusan a wajen taro, wataƙila ajinsu ɗaya a makaranta, wataƙila ƙanin matarsa ne ya riƙe kyamarar. Zai shiga wajen a yi masa kallon banza, wanda suke gaisawa jiya yau ya ɗauke kai yana latsa waya, an daina turo masa katin gayyatar kallon farko, kuma maganar da za ta biyo baya an santa, hassada ce, so yake ya shigo harkar an hana shi. In kuma ya yaba a ce an ba shi ambulan. Wani lokacin ma da gaske an bayar ɗin, a nan ne da yawa suke lalacewa, ba wai da mugun nufi ba, a hankali abin yake, yau an ba ka kuɗin mota, gobe an sa sunanka a jerin godiya, jibi ka zo rubutu ka ji hannunka ya yi nauyi, sai ka koma "fim ɗin ya yi kyau sai dai 'yan kurakurai da ba a rasa ba" wanda kowa ya san ba ka ce komai ba. Shi ya sa waɗanda suke daɗewa da mutuncinsu yawanci suna da wani abin da suke ci da shi daban, koyarwa ko aikin ofis ko kasuwanci, sharhin da daddare suke yi bayan kowa ya kwanta, suna tsayar da fim suna mayar da shi baya suna rubutu a waya da babban yatsa.

Kuma duk da haka shi ɗin ne ya fi amfani ga masu yin fim ɗin, ko sun ƙi ko sun so. Baƙo zai kalla ya ce kayan sun yi kyau, launi ya fito. Na gida ne zai ce mai wannan matsayin ba ya shiga irin wannan a irin wannan wajen, ko wannan karin maganar an sa ta a inda ba gurbinta ba, ko labarin nan an taɓa yin sa shekara goma da suka wuce sunaye kawai aka canza. Shi ya san abin da aka yi da kuɗi kaɗan ya kamata a yi wa uzuri, da abin da lalaci ne kawai aka fake da rashin kuɗi.

Yanzu jaridu da yawa sun rage shafukan fim ko sun rufe su, aikin ya koma hannun matasa masu waya, ɗalibai, masu shago, ma'aikatan asibiti, matan aure, kowa da inda ya fito kamar dai yadda aka saba tun farko. Wasunsu suna da ido sosai. Matsalata da su biyu ce, da yawa ba sa kallon komai sai abin da ake yayi a wannan satin, ba tsohon fim ba na wata ƙasa, to da me za ka auna? Sannan rubutun nasu ɓacewa yake. Mai bincike yau zai iya neman tsofaffin kwafin mujallar Fim ya ga me aka ce a kan wani fim a 2001, amma sharhin da wani ya zauna ya tsara da kyau a Facebook shekara uku da suka wuce, je ka nemo shi ka gani, ko an rufe akawun ɗin ko ya nutse a ƙarƙashin hotunan biki. Duk mai yin abin nan da gaske ya buɗe ko ɗan bulog ne na kyauta ya riƙa zuba su a ciki da kwanan wata da sunan darakta da shekarar da fim ɗin ya fita.