Yadda Na Sayi Motar Hannu a Katsina Bayan Beljiyam Ta Fi Ƙarfina

A ƙarshen 2022 na fara tara kuɗin mota. Aikin gwamnati nake yi a nan Katsina, mahaifiyata kuma tana Daura, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kusan duk wata sai an kawo ta ganin likita. Wanda ya taɓa ɗora tsohuwa marar lafiya a motar haya, mutum huɗu a baya biyu a gaba, aka bi ta Mashi da ita cikin zafin bazara, ya san ba don ado nake neman mota ba. Abin da na sa a gaba Corolla ce ƙirar 2006 ko 2007, Beljiyam, wato motar hannu da aka shigo da ita daga ƙasar waje. A lokacin dillalai suna kiran miliyan huɗu da 'yan kai. Na shiga adashi a ofis, na rubuta takardar neman rance a ƙungiyarmu ta ma'aikata, na yi lissafin cewa cikin shekara guda da 'yan watanni zan haɗa kuɗin.

Kuɗin sun haɗu kamar yadda na tsara, har da ɗan ƙari. Farashin ne bai tsaya jira na ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance, kafin watan Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500. Ita kuwa motar Beljiyam da dala ake sayen ta a wurin gwanjo a Amurka, da dala ake biyan jirgin ruwan da zai ɗauko ta, sannan kwastam da farashin dala suke lissafa kuɗin fito. Wuri uku dala ke cizon mota ɗaya kafin ta bar Legas. Da na fita da kuɗina a 2024, Corollar da nake hange ta wuce miliyan takwas.

Tsadar ba ta ba ni mamaki sosai ba, domin shinkafa da siminti ma haka suka yi. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne rashin motocin. Filayen sayar da mota da na sani a cike, har ana jera wasu a bakin titi, sai na tarar da su da giɓi, kuma yawancin abin da ke ciki masu lamba ne, waɗanda aka hau a nan gida. Wani dattijo da ya daɗe a harkar, wanda na san shi tun ina yaro a unguwarmu, ya zaunar da ni a benci ya ce, "Malam, jarin da nake ɗauko mota goma da shi, yau uku ba ya kawo mani. In na sayar da ɗaya yau, gobe kuɗinta ba za su sayo irinta ba. To ka ga gara in bar ta a ajiye da in sallama in koma gida da takarda." Ban ji daɗin maganar ba a ranar, amma gaskiya ya faɗa mani.

Mu mutanen Katsina abin ya fi taɓa mu, don mun saba da wata hanya da yanzu babu ita. Shekara da shekaru motocinmu ta Kwatano a ƙasar Benin suke sauka, su ratso Nijar zuwa Maraɗi, su shigo ta Jibiya, wasu kuma ta Kwangwalam a ɓangaren Daura. Mutum kan tafi Maraɗi da safe ya zaɓi motarsa da idonsa. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Ana cikin farfaɗowa sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙamewa har zuwa Maris na 2024, kuma ko da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe. Yanzu motar halak sai ta sauka a Legas, a biya fito, a ɗoro ta a kan tirela ko a tuƙo ta fiye da kilomita dubu, kuma kuɗin gas ɗin tirelar a kan mai saye yake ƙarewa.

Ga kuma abin da ya faru a ita kanta tashar. A 2022 kwastam suka fara ƙiyasta darajar mota da lambar jikinta ta kwamfuta, aka kuma ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kashi 20 na fito. Ƙananan tsofaffin motocin da talaka ke iya saye su suka fi jin jiki, domin abin da za a biya a kansu ya kai inda ɗauko su ba riba. Can Amurka ma tun 2021 motocin hannu suka yi tsada, saboda annobar korona ta jawo ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake haɗa sababbin motoci da su, mutanensu suka koma rububin tsofaffi.

Ba na goyon bayan fasa-ƙwauri, kuma na san hujjar da ake bayarwa ita ce a ƙarfafa haɗa motoci a gida. Amma iyayenmu sun ga lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake fitar da 504 ma'aikaci ya karɓi rancen mota ya saye ta sabuwa dal. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. A toshe wa mutum hanyar tsohuwa alhali sabuwa ko a mafarki ba ya ganin ta, wannan ba gyara ba ne, kuma ina jin zafinsa har yanzu.

Akwai wani dalilin ƙarancin da sai da na shiga kasuwar na gane shi. A da, babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan hau mota shekara uku ko huɗu ya sayar ya ɗauko wata, ƙaramin ma'aikaci ya sayi tasa, shi ma ya sayar wa direban haya tsohuwar da yake hawa. Wannan juyin ya tsaya. Kowa ya riƙe abin da ke hannunsa yana ta gyara, domin ya san in ya saki ba zai iya mayarwa ba. Saboda haka motar hannu mai lafiya ba ta cika zuwa fili ba. Wadda ke zuwa, sau da yawa ko mai ita matsi ya kama shi, ko ita motar ce ta gajiyar da shi.

A irin wannan yanayi ne ake cutar mutane, don wanda ya daɗe yana nema yakan ƙagu. An kawo mani wata Honda fes da ita, farashinta ƙasa da na kasuwa da kusan miliyan ɗaya, aka ce in yi sauri wani na tafe da kuɗi daga Funtuwa. Na nemi takardar kwastam, aka miƙo mani kwafi, aka ce ta asalin tana wurin mai motar. Na ba wani da ya san aikin fito lambar ya duba, sai ga shi takardar ta wata mota ce daban. Irin wannan kana iya hawan ta shekara biyu a cikin gari lafiya lau, ranar da ka kama hanyar Kano ko Kaduna jami'an sintiri su tare ka, ka sauka da iyalinka a bakin titi. Tun daga nan takarda nake fara tambaya kafin in buɗe ƙofa, kuma in gwada lambar da ke jikin takardar da wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba, harafi bayan harafi.

Lambar nan mai harafi da alƙaluma 17 ta yi mani wani amfanin. In motar daga gwanjon Amurka ta fito, sau da yawa in ka rubuta lambar a intanet za ka ga hotunanta na ranar da aka sayar da ita. Na ga wadda aka rantse mani ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, a hoto kuwa gabanta a murƙushe, jakunkunan iska duk sun fashe.

Bakanikena, wanda nake kira Yaya don ya girme ni kuma tare muka tashi, shi ya koya mani sauran. Ba ya yarda a duba mota da yamma bayan an ɗumama ta. Da sassafe yake son a tayar da inji yana tsaye a bayanta yana kallon hayaƙi. Yana yawo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ya bi jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa ya san an cika wurin da foti an shafe da fenti. Yana ɗaga kafet ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujeru, domin motar da ambaliya ta ci tsatsa da busasshen laka suke tona mata asiri, kuma wayoyinta ba sa ƙara yin lafiya. Yana shiga ƙarƙashi ya duba ko an cire indomi, wato abin da ke tace hayaƙi, daga salansa, abin da ya zama ruwan dare saboda tsadarsa. Lissafin tafiyar da ke allon gaba kuwa bai taɓa kula shi ba, ya ce ana mayar da shi baya. Fedar birki da sitiyari da kujerar direba su suke faɗa masa shekarun wahalar mota. Kuɗin da na riƙa ba shi na dubawa su ne mafi albarka a duk abin da na kashe.

Dillalai ba maƙiyana ba ne, sana'a suke yi, kuma akwai masu amana a cikinsu. Matsalar ita ce mota ɗaya sai ka tarar da mutum huɗu a kanta, kowa ya ɗora nasa, hotonta na yawo a WhatsApp da farashi iri-iri. Sharaɗina biyu ne: a yanke la'ada tun farko a gaban shaida, kuma a haɗa ni da mai motar ido da ido. Masu cewa in turo kafin alƙalami a riƙe mani mota tana Legas ko Kaduna kuwa, na ba su haƙuri. Ba na cinikin biri a sama da kuɗin adashi.

Motar da na saya daga ƙarshe ba ta taɓa shiga fili ba. Surukina ne ya ji a masallaci cewa wani abokinsa, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, zai sayar da tasa don ido ya fara ba shi matsala, 'ya'yansa sun hana shi tuƙi. Pontiac Vibe ce ƙirar 2005. Da farko raina bai kwanta ba, don Corolla na ƙudurta. Yaya ya ce mani, "Kai dai suna kake bi. Buɗe gabanta ka gani." Injin Toyota ne mai lita 1.8, irin na Corollar da nake nema, domin motar haɗin gwiwar General Motors da Toyota ce, tagwaye suke da Toyota Matrix. Kayan gyaranta ko'ina akwai, in an rasa a Katsina ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano. Bayanta kuma ya fi faɗi, kujerun suna kwantawa, wanda ya dace da ɗaukar Hajiya in zama ya gagare ta.

Fentinta ya koɗe, kujerar direba ta yage a gefe. Amma dattijon ya fito da wata tsohuwar jaka, ga takardar kwastam ta asali, ga rasiɗan gyara, ga sunan bakaniken da ke duba ta tun da ya saye ta, muka je muka same shi ya ba mu tarihinta. Na ce, "Baba, a yi mani afuwa, na saya miliyan huɗu da ɗari biyu." Ya yi murmushi ya ce, "Albarka, ɗana. Ƙara dai." Muka tsaya a huɗu da ɗari shida, ya ce ya sallama, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Aka rubuta yarjejeniya, surukina da limamin unguwarsu suka sa hannu, na tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke jikin takardun.

Da gangan na rage kusan miliyan ɗaya ban sa a ciniki ba, kuma kusan duk sun tafi. Tayoyinta suna da zane, amma alƙaluma huɗun da ke gefensu, masu nuna mako da shekarar da aka yi su, sun nuna sun tsufa, kuma zafin kwaltar Daura ba ya raga wa tsohuwar taya. Na sauya duka huɗun, na sa batir, aka gyara ƙafafun gaba, aka juye mai. Sai canjin sunan mallaka da sabunta takardu da inshora, wadda ita ma tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a farashin mota, zai kai ta gida ya ajiye ne.

Ko yanzu ba kullum nake hawan ta ba. Da litar fetur ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, na koma zuwa ofis a kan babur, motar kuwa sai tafiyar Daura da asibiti da fita da iyali. Kwanan baya ɗaya daga cikin dillalan da muka yi yawo tare ya gan ni da ita a Ƙofar Ƙaura, ya kira ni da daddare ya ce yana da mai so, zai ɗora mani riba mai kauri a kan duk abin da na kashe. Na tambaye shi in na sayar, me zai samo mani da kuɗin mai lafiyarta da takardunta. Ya ce sai dai a bincika. Na ce masa to a bar ta tukuna.