Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zumunci a Ƙafa Yake

Makon jiya na tsaya inda muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano daga Alkahira, bayan aikin da aka yi mini a idon sawu, ana tura ni a keken guragu.

Aikin da aka yi mini, an sassaƙe bakin ƙashin ƙwauri da ƙashin idon sawu da suka cinye juna, aka sa ƙarfe sama da ƙasa, da wata roba mai tauri a tsakani. Likita ya ce mako 6 kada in taka ko kaɗan. Kullum ƙafa na kan filo uku, sama da ƙirji, saboda kumburi. Autata ce ke yi mini allurar hana daskarewar jini a fatar ciki, hannunta na rawa.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta gajiya da cewa zumunci a ƙafa yake. Da maganar nan na tashi. Suna, biki, zaman makoki, babu gidan da ban taka ba a danginmu. Ita kanta karayar da ta jawo aikin nan, a hanyar barkar 'yar Yaya Babba na samu, na faɗo daga acaɓa, tun kafin a hana shi a Kano a 2013. Yaya ce ta dage a kai ni wurin mai ɗori. Sai da shekaru suka ja, ina ɗingishi, na je Asibitin Ƙashi na Dala, hoto ya nuna guringuntsin ya ƙare.

To, mako 6 ɗin nan ina kwance, Yaya ba ta leƙo ba. Waya sau ɗaya: "Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi." Ƙafarta lau, gidanta kuma Adaidaita ɗaya ne zuwa nawa.

Abin da ya fi ci mini rai salla ce a kan kujera. Ina kallon darduma, goshina ya kasa kai mata. Da aka fara gashin ƙashi, yarinyar da ke yi mini gashin ta ce, "Hajiya, ki rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsanki." Na rubuta alif, ba, ta, hawaye na zuba.

Ranar da na fara takawa cikin takalmin roban nan mai maɗauri, taku 8 na yi daga gado zuwa bakin ƙofa. Goggo ce ta gani, ta rangaɗa guɗa. Tsohuwa da sanda, daga Gwale take zuwa duk Juma'a da kunun tsamiya a fulas. Ita ta riƙe maganar Inna.

A wata na 5 bayan aikin aka aiko mini da katin bikin jikar Yaya. Mako mai zuwa zan faɗi abin da na yi da shi.